Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Da Ke Kunna Amfilifaya Idan Ta Ji Sauti, Ta Kashe Ta Idan An Yi Shiru

Duk mai amfilifaya a ɗaki ya san wannan matsalar. Ka haɗa wayarka, ka sa waƙa ko karatu, barci ya sace ka. Da asuba ka farka, waya ta daɗe da yin shiru, amma 'yar fitilar amfilifaya tana nan a kunne. Ka ɗora hannu a kanta ka ji ɗumi kamar an ajiye kofin shayi. Idan kuwa da sola kake amfani, wataƙila kukan inbata ne ma ya tashe ka tun ƙarfe uku, fanka ta tsaya, zafi ya rufe ka.

Wannan ɗumin da ka ji wuta ce ta tafi a banza. A yau za mu duba yadda ake haɗa wata 'yar na'ura da ke sauraron layin sauti. Da zarar waƙa ta fara sai ta kunna amfilifaya, idan aka ɗau mintuna ba sauti sai ta kashe ta. Kayan haɗinta ba su da yawa, kuma da wayarka ta Android za ka iya ɗora mata umarnin da za ta yi aiki da shi.

Wuta nawa ke tafiya a banza?

Yawancin tsofaffin amfilifayoyi na gida, musamman na gwanjo masu nauyin taransifoma, suna cikin rukunin da ake kira Class AB. Irinsu suna barin wata 'yar wuta tana ratsa taransistocinsu a kowane lokaci domin kada sauti ya riƙa karcewa, ita ma taransifomar tana cin nata kason ko da ba a sa komai ba.

Mu ɗauka taka tana cin wat 20 a zaune. A dare ɗaya na awa 10 ta cinye 200Wh ke nan. Batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kimanin 19Wh, wato wutar da ta salwanta ta kai ta cika waya kusan sau goma. Batirin sola mai 12V da 100Ah yana da 1,200Wh a rubuce, amma idan mai ruwa ne ana son a tsaya a rabi domin ya daɗe. Ka ga amfilifayar da ba ta ce uffan ba ta kwashe kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ka mora.

Mai mitar kati ma bai tsira ba. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Amfilifaya mai cin wat 20 da aka bari a kunne awa 20 a kullum tana shan yunit 12 a wata. A wancan farashin, naira 2,700 ke nan, kuɗin data mai kauri.

Turawa sun daɗe da lura da wannan asara. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fito da shirin rage wutar da na'urori ke ci a zaune zuwa wat ɗaya. Tarayyar Turai ta mayar da abin doka a 2008, inda iyakar ta fara da wat 1 a 2010, ta koma rabin wat a 2013, tare da sharaɗin na'ura ta riƙa shiga barci da kanta. Shi ya sa sabbin sifikoki da yawa ke mutuwa da kansu idan an bar su shiru. Kayan gwanjon da ke zuwa mana kuwa da yawansu sun girmi wannan doka.

Kafin ka sayi komai, duba abu uku

Na farko, auna. Sami 'yar mitar nan da ake sokawa a soket mai nuna wat, ko ka duba allon inbatarka kafin ka kunna amfilifaya da bayan ka kunna. Idan abin da take ci a zaune bai wuce wat 2 ko 3 ba, kamar yadda ƙananan alluna na Class D suke, ribar da za ka samu kaɗan ce, sai dai ka haɗa don koyo.

Na biyu, duba makunninta. Kunna ta, ka zare filogi, ka mayar. Idan ta dawo a kunne da kanta, wannan aikin zai yi maka. Idan kuwa sai ka danna maɓalli ko rimot kafin ta tashi, yanke mata wuta daga waje ba zai wadatar ba.

Na uku, daga ina sautin ke shigowa? Idan Bluetooth ɗin a cikin amfilifayar yake, to da ka kashe ta shi ma ya mutu, na'urarmu ba ta da abin saurare. Dole sautin ya fito daga waje: kebul ɗin AUX, talabijin, dikoda, ko 'yar na'urar karɓar Bluetooth mai cin wutarta daban.

Ƙwaƙwalwar aikin

Abin da zai yanke shawarar kunnawa da kashewa wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce, kwamfuta sukutum a cikin ƙwaya ɗaya. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne allon Arduino Nano. An fara aikin Arduino a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya domin ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba, shi ya sa yake da sauƙin sha'ani. Nano na ɗauke da ƙwayar ATmega328P, tana aiki da 5V, kuma tana cin kimanin 20mA, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na wat.

Ƙafafunsa masu alamar A0 zuwa A7 suna auna ƙarfin wuta su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Idan ka raba 5V gida 1,024, kowane mataki ya kama kusan 4.9mV. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Idan hannunka ya faɗa, za ka iya komawa ATtiny85, ƙwaya mai ƙafa takwas kacal da ma'adanar 8KB, wadda ta ishi wannan aiki har da saura.

Kayan da za ka tanada

- Arduino Nano guda ɗaya da kebul ɗinsa
- LM358 guda ɗaya, mai ƙara ƙarfin sigina
- Resista: 47k guda biyu, 100k guda uku, 10k guda ɗaya
- Kafasita: 1µF ɗaya, 10µF ɗaya, 100nF ɗaya
- Allon rile mai 5V
- Cajar waya mai kyau mai 5V
- Ramin AUX ko RCA guda biyu, na shiga da na fita
- Allon gwaji, wayoyi, dalma da ƙarfen narka ta
- Akwatin roba, fiyus da mazauninsa

Ƙananan kayan za ka same su wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, wasu ma za ka ciro su daga matacciyar rediyo. Nano da rile kuwa, idan babu a kusa, ana yin odarsu ta intanet.

Yadda sauti ke isa ga Arduino

Sautin da ke cikin kebul wuta ce mai lilo, tana hawa sama da sifili tana sauka ƙasa da shi. Ƙa'idar kayan sauti na gida kimanin 0.3V ce, waya kuma idan an ƙure ta tana iya kaiwa kusan 1V. Arduino ba ya karanta abin da ke ƙasa da sifili, hasali ma yana iya lalata ƙafarsa. Don haka sai an gyara siginar ta matakai uku.

Mataki na farko shi ne ɗiba. Sautin zai wuce kai tsaye daga ramin shiga zuwa ramin fita ba tare da an taɓa shi ba. Kai dai za ka ɗebo kaɗan daga layin hagu da na dama, kowanne ta resista 47k, ka haɗe bakinsu wuri guda. Kada ka haɗa hagu da dama da waya tsirara, za ka kashe sitiriyo kuma ka wahalar da wayarka.

Mataki na biyu shi ne ɗagawa. Daga mahaɗar nan sigina za ta bi ta kafasita 1µF zuwa ƙafa ta 3 ta LM358. A wannan ƙafar za ka sa resista 100k ɗaya zuwa 5V, ɗaya zuwa GND. Su biyun za su tsayar da wurin a 2.5V, sai sautin ya riƙa lilo a kewayen wannan tsakiyar. Lokacin shiru Arduino zai riƙa ganin lamba kusa da 512.

Mataki na uku shi ne ƙarawa. Idan ka rage murya da dare, siginar na iya sauka zuwa 10mV, wato mataki biyu kacal a idon Arduino, wanda ba shi da maraba da hayaniyar da ke cikin waya. Sa resista 100k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sannan 10k daga ƙafa ta 2 ta bi ta kafasita 10µF zuwa GND. Wannan zai ninka siginar sau 11. Bayan ɗan abin da aka rasa a hanya, 10mV ɗin nan zai koma kimanin mataki 15, abin da ake iya gani sarai. Ƙafa ta 8 ta tafi 5V, ta 4 ta tafi GND, kafasita 100nF ta zauna tsakaninsu, ƙafa ta 1 kuma ta tafi A0. Kada ka manta da haɗa GND na kebul ɗin sauti da na Arduino.

Idan aka ƙure murya LM358 za ta yanke kan siginar, amma wannan ba damuwa ba ce, domin ba wannan kwafin ne ke zuwa sifika ba.

Umarnin da za ka ɗora

```
const int SHIGA = A0;
const int RILE = 8;
const int IYAKA = 12;
const int TAGOGI = 6;
const unsigned long JIRA = 600000UL;

unsigned long sautinKarshe = 0;
int jere = 0;
bool aKunne = false;

void setup() {
  pinMode(RILE, OUTPUT);
  Serial.begin(9600);
}

void loop() {
  int babba = 0, karami = 1023;
  unsigned long fara = millis();
  while (millis() - fara < 50) {
    int x = analogRead(SHIGA);
    if (x > babba) babba = x;
    if (x < karami) karami = x;
  }
  int tazara = babba - karami;
  Serial.println(tazara);

  if (tazara > IYAKA) jere++; else jere = 0;

  if (jere >= TAGOGI) {
    jere = TAGOGI;
    sautinKarshe = millis();
    aKunne = true;
    digitalWrite(RILE, HIGH);
  }
  if (aKunne && millis() - sautinKarshe > JIRA) {
    aKunne = false;
    digitalWrite(RILE, LOW);
    delay(3000);
    jere = 0;
  }
}
```

Ga abin da yake yi. A cikin kowane 50ms Arduino na karanta A0 sau ɗari huɗu da wani abu, ya riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙarfin sautin. An zaɓi 50ms ne saboda sauti mafi kauri da kunnen ɗan Adam ke ji, wato 20Hz, yana kammala zagaye ɗaya a daidai wannan lokacin. Idan tazarar ta wuce IYAKA sau shida a jere, kimanin sulusin daƙiƙa ke nan, sai rile ya kama. Idan aka yi minti 10 ba a ji komai ba, sai ya saki.

Wasu allunan rile a juye suke aiki, LOW ne ke kunna su. Idan naka haka yake, musanya HIGH da LOW, sannan ka ƙara layin da zai kashe rilen a cikin setup. Haka kuma kada ka haɗa rile tsirara da ƙafar Arduino. Nadinsa na jan kimanin 70mA, ƙafar kuwa 20mA aka so ta bayar. Allon rile na zuwa da taransista da dayod da ke ɗauke wannan nauyi.

Ba ka da kwamfuta? Manhajar ArduinoDroid tana rubutawa ta ɗora umarni daga wayar Android ta kebul ɗin OTG. Kafin ka kashe ko sisi ma, za ka iya gwada umarnin a shafin Wokwi ko Tinkercad, inda ake kwaikwayon Arduino kyauta.

Gane shiru ya fi jin sauti wuya

A nan ne yawancin masu haɗa wannan na'ura ke yin tuntuɓe. Kunnawa ba ta ba kowa wahala, amma sai ka ga ta ƙi kashewa, ko tana kunna kanta cikin dare. Dalili shi ne babu kebul ɗin da yake shiru ɗari bisa ɗari.

Lambar 12 da ke cikin umarnin mafari ce kawai. Buɗe tagar Serial Monitor, ka haɗa komai yadda zai zauna, ka tsayar da waƙa, ka kalli lambobin da ke fitowa na minti ɗaya. A ce suna yawo tsakanin 3 da 6. Sai ka sa waƙa a mafi ƙarancin muryar da kake saurare, a ce ka ga 25 zuwa sama. IYAKA sai ta zauna a tsakani, wajen 12 zuwa 15. Maimaita gwajin a kan wutar NEPA, da janareta, da inbata, domin kowacce da irin hayaniyarta.

Ga abubuwan da suka fi ruɗa ta:

Gurnanin 50Hz. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk kebul ɗin sauti da ya kwanta kusa da wayar wuta yana tsintar wannan gurnani. Yi amfani da kebul mai rigar kariya, ka gajarta shi, ka nisanta shi da ɓangaren 230V.

Caja mai arha. Idan kana cajin waya alhali tana haɗe da AUX, hayaniyar cajar na bin kebul. Haka ma idan Arduino da na'urar Bluetooth suna shan wuta daga caja ɗaya, kana iya jin wani siririn kuka a sifika. Raba musu caja, ko ka sa 'yar taransifomar raba layin sauti da ake sayarwa don rediyon mota.

Tartsatsin firji da fanka. Idan firji ya tashi yana jefa ɗan ƙyas a layi. Sharaɗin sau shida a jere ne ke tace wannan.

Rilen kansa. Lokacin da ya yanke wuta, amfilifaya na iya mayar da wani ɗan bugu cikin layin sauti. Na'urar sai ta ɗauka waƙa ce ta sake kunnawa, a yi ta zagaye ba iyaka. Layin delay na daƙiƙa uku shi ne maganin wannan, yana toshe mata kunne har abin ya lafa.

Saƙon WhatsApp. Idan wayarka ta kwana a haɗe, ƙarar shigowar saƙo sauti ce kamar kowace, za ta tayar da amfilifaya ta yi minti 10 a kunne. Za ka iya mayar da TAGOGI 20 domin sai sauti ya yi daƙiƙa guda cur, amma ka san za ka riƙa rasa farkon waƙa. Mafi sauƙi shi ne ka sa wayar a yanayin kada a dame ni idan za ka kwanta.

Lokacin jira ma a yi masa tsakaitawa. Idan ka mayar da shi minti ɗaya, duk tsayar da fim don amsa kira zai kashe amfilifaya, kuma yawan kunnawa da kashewa ya fi gajiyar da ita fiye da zama a kunne. Minti 10 zuwa 20 ya yi daidai.

Ɓangaren da ke iya kisa

Duk abin da muka yi bayani a sama 5V ne, ko ka taɓa ba abin da zai same ka. Ɗaya gefen rilen kuwa 230V ne, kuma ba ya ba da dama ta biyu.

Fara gwaji da ƙaramar fitilar LED a madadin amfilifaya har sai ka gamsu da yadda na'urar ke aiki. Daga nan, idan amfilifayarka irin ƙananan nan ce masu TPA3116 da ke aiki da adafta 12V zuwa 24V, yanke wayar da ta fito daga adaftar ka bi da ita ta rile, ba ruwanka da wutar gida. Wasu ƙwayoyin ma suna da ƙafar barci tasu: SDZ a TPA3116, ƙafa ta 9 a TDA7294. Manyan amfilifayoyi da sifikokin bes kuma wasunsu na da ramin da aka rubuta 12V Trigger, wanda aikinsa ke nan, kamar shuɗiyar wayar rimot ta amfilifayar mota.

Idan dole sai an yanke 230V, kada ka buɗe amfilifayar, domin manyan kafasitocinta na riƙe wuta ko bayan an zare filogi. A haɗa abin a matsayin soket na daban cikin akwatin roba mai murfi. Rile ya zauna a kan waya mai rai, fiyus na gabansa, wayar ƙasa kuma ta wuce ba a yanke ta ba. Kada a taɓa kawo 230V kan allon gwaji. In ba ka taɓa aikin wutar gida ba, kai wa mai gyaran lantarki wannan ɓangaren ya haɗa maka, kai ka tsaya kana kallo. Rigakafi ya fi magani.

Sai batun girman rile. Shuɗin nan da aka rubuta wa 10A 250V ya ishi ƙaramar amfilifaya. Amma mai babbar taransifoma tana fizgar wuta ninkin ba ninkin a farkon kunnawa, har bakin rile ya iya narkewa ya manne, ya ƙi saki. Ga irin wannan a nemi rile mai 30A, a kuma sa NTC mai rage fizgar farko. Idan kuma amfilifayarka na buga sifika da ƙarfi duk lokacin da aka kunna ta, a sa mata allon jinkirta haɗa sifika kafin a ɗora mata wannan na'ura, tunda yanzu kunnawar za ta yawaita.

Daga ina za ka fara?

Yau da dare, kafin ka kwanta, auna abin da amfilifayarka ke ci a zaune, ka ninka da awannin da take yi ba a sauraron komai. Idan lambar ta dame ka, sayi Nano da LM358, ka haɗa ɓangaren 5V kaɗai da LED, ka bar shi kwana biyu a gefen gado kana lura da lokacin da yake kamawa da lokacin da yake saki. Sai ka ga fitilar ta daina kamawa haka kawai cikin dare, sannan ka kawo maganar rile. Wanda ya gwada, ya rubuto mana lambobin da ya gani a lokacin shiru da irin wutar da yake amfani da ita, domin masu zuwa baya su san inda za su sa tasu iyakar.